Maigidana zai rushe kicin ɗinmu da hannunsa, ni kuwa hankalina bai kwanta ba

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce mai 'ya'ya biyu, babbar shekararta 4, ƙaramin bai daɗe da fara tafiya ba. Muna zaune a hawa na biyu na wani bene, a ɗan gidan da muka saya bara. Kicin ɗin ƙarami ne, faɗinsa mita 2, tsawonsa mita 3, ƙofa a wannan ƙarshen, taga a wancan. Kabad ɗin da ke ƙarƙashin sinki ya kumbura, ba ni da wurin yanke-yanke, kuma in na buɗe firji ƙofar kicin ba ta buɗuwa. Mun tara kuɗin gyara, kusan rabinsu nawa ne. Yanzu maigidana ya ce ba zai kira ma'aikaci ko ɗaya ba. Ya kalli bidiyoyi a intanet, zai ɗauki hutun mako guda ya yi komai da kansa: ya fasa bangon da ke tsakanin kicin da falo, ya mayar da sinki ƙarƙashin taga, ya ƙara soket. Da na ji haka sai bakina ya suɓuce na ce masa, kai da ko kantar banɗaki ka kasa gamawa? Tun ranar bai sake tayar da maganar ba, amma na ga ya sayo guduma. Ba na so in karya masa gwiwa, ba na kuma so kuɗinmu su salwanta mu zauna wata da watanni babu kicin. Don Allah yaya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na karanta wasiƙarki, kuma bari in fara da kwantar miki da hankali: tsoron da kike ji yana kan hanya, maigidan naki kuma bai yi wauta ba. Yawancin aikin gyaran ƙaramin kicin mutum mai haƙuri yana iya yin sa da hannunsa, kuma kuɗin ma'aikata kaso ne mai tsoka a irin wannan aiki, don haka lissafinsa na rage kashe kuɗi ba shirme ba ne. Inda ya kauce shi ne ya zuba ayyuka iri biyu a buhu ɗaya. Akwai aikin da in an yi kuskure a cikinsa, iyaka dai ya fito a karkace a sake. Akwai kuma wanda kuskurensa ke iya zubo wa maƙwabtanku na ƙasa ruwa, ko ya kama da wuta, ko ya taɓa lafiyar ginin gaba ɗaya. Abubuwa ukun da kika lissafa, fasa bango da matsar da sinki da ƙara soket, duk suna cikin kashi na biyu.

Amma kafin mu kai ga bango, mu fara da maganar da ta suɓuce miki. Ta yi zafi, kin sani. Wataƙila gaskiya kika faɗa game da kantar banɗakin, sai dai shi ba batun kanta ya ji ba, abin da ya ji shi ne matarsa ba ta yarda zai iya ba. Mutumin da ya sayi gida da guminsa sau da yawa yana son ya ga wani abu a ciki da zai nuna ya ce ni na yi wannan, kuma wannan ba abin raini ba ne. Shirun da ya yi tare da sayo guduma yana nuna mini cewa yanzu aikin ya zama na kare mutunci, kuma wanda ke kare mutuncinsa ba ya jin shawara. Ki same shi lokacin da yara suka yi barci, ki ba shi haƙuri a kan yadda kika faɗi maganar, ba tare da kin janye damuwarki ba. Kina iya ce masa: maganar da na faɗa ba ta dace ba, ka yafe mini, ina so mu yi aikin nan, kuma ina so mu tsara shi tare tunda ni ce na fi daɗewa a tsaye a wurin. Kada ki haɗa ban-haƙurin da jerin sharuɗɗa a zama ɗaya. Ki bari ya huce tukuna.

Ke ma kina da haƙƙi, kada ki manta da shi garin lallashi. Rabin kuɗin naki ne, kuma ke ce za ki ɗauki wahalar ciyar da yara biyu in aikin ya tsaya a tsakiya. Saboda haka ba alfarma zai yi miki ba in ya saurare ki.

To, yanzu ga kicin ɗin kansa. Kada ki raina girmansa. A shekarar 1926 wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, ta tsara kicin don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na Jamus, faɗinsa mita 1.9, tsawonsa mita 3.4, wato kusan daidai da naki. An gina kimanin 10,000 irinsa, kuma shi ake ɗauka a matsayin tushen kicin na zamani mai kabad jere a jikin bango. Ba ta ƙara masa faɗi ba. Ta zauna ne ta nazarci yadda mai girki ke kai-komo, ta ajiye kowane abu inda hannu zai kai gare shi. Abin da nake so ku fara yi ke nan, kuma ba ya cin ko kwabo. Ki liƙa takarda a jikin firji na tsawon mako guda, duk lokacin da wani abu ya ba ki haushi ki rubuta: na rasa inda zan sauke tukunya mai zafi, inuwata ta rufe mini abin da nake yankawa, sai na durƙusa kafin in zaro abin da ke can ƙuryar kabad. A ƙarshen mako za ku ga ainihin ciwon kicin ɗin, kuma ina kyautata zaton bangon falo ba zai fito a cikin jerin ba. A makon nan kuma ki fitar da duk kayan da kika yi shekara ba ki taɓa ba. Ƙananan kicin da yawa ba ƙarancin wuri ke damunsu ba, tarkace ne.

Daga nan sai awo, kuma wannan aikin maigida ne, ki miƙa masa shi da hannu biyu. Ya auna kowane bango a wuri uku, ƙasa da tsakiya da sama, ya yi aiki da adadi mafi ƙanƙanta, domin bango ba kasafai yake miƙewa sambal ba. Ya duba kusurwa: ya auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, in tsakanin alamomin biyu ya ba da 100 to kusurwar daidai take, in bai ba da ba sai a bar ɗan sarari da za a toshe da siririn katako. Ya rubuta inda famfo yake, da bututun fitar ruwa, da kowane soket, da tsayin taga daga ƙasa, da ɓangaren da kowace ƙofa ke buɗewa. Duk a zana a takarda.

Ga lissafin da zai yanke muku hukunci. Kabad na ƙasa zurfinsa santimita 60 ne a al'adar masu ƙera shi. Faɗin kicin ɗinku 200 ne. In kuka jera kabad a bango biyu masu fuskantar juna, 80 kawai zai rage a tsakiya, kuma wannan ya yi matsi: in kika sunkuya gaban durowa sai bayanki ya bugi na baya, mutum biyu kuwa ba za su gifta juna ba. Ana son hanyar tsakiya ta kai 100 zuwa 120. Don haka shawarata ita ce a jera komai mai zurfi a dogon bango ɗaya, ɗaya bangon kuma a sa kantoci marasa zurfi, kamar santimita 30, na ajiyar gwangwanaye da kwanuka, hanya ta rage 110. A dogon bangon nan mai santimita 300 za a iya yin haka: firji 60 a kusa da ƙofa, sinki 60, kantar aiki 80, murhu 60, sai 40 a ƙarshe don sauke tukunya. Wannan 80 ɗin da ke tsakanin sinki da murhu shi ne zuciyar kicin ɗin, a nan za ki yi rabin aikinki, kada ki yarda a rage shi don a cusa wani abu. Firji a bakin ƙofa yana da amfani biyu: yara za su ɗauki abinsu ba tare da sun ratsa ta gaban wuta ba, kuma ya yi nesa da zafin murhu, wanda ke sa shi aiki fiye da kima. A bar masa ɗan sarari a baya da sama don ya sha iska, a kuma tabbata ƙofarsa za ta buɗu sosai har durowar ciki ta fito.

Batun ƙofar kicin da ke karo da firji kuwa, maganinsa ya fi fasa bango sauƙi nesa ba kusa ba. Ƙofa mai faɗin santimita 80 tana cin kusan rabin murabba'in mita wajen buɗewa, a ɗakin da duka-duka murabba'in mita 6 ne. A juya ta ta riƙa buɗewa waje, ko a sa mai zamewa gefe. Ban so a cire ta gaba ɗaya, saboda ƙaramin yaronki, kuma ƙofa tana tare hayaƙi in wani abu ya kama.

Kafin a sayi komai, ku ɗauki tef mai manne ku zana tsarin a ƙasan kicin ko na falo, ku jera kwalaye a matsayin kabad, ki tsaya ki yi kamar kina girki. Za ki ji kamar wasan yara, amma a nan ne ake gane kuskuren da takarda ke ɓoyewa. A nan kuma za ki gwada tsayin kanta. Yawanci santimita 90 ake yi, amma abin da ya fi dacewa shi ne ta zauna 10 zuwa 15 ƙasa da gwiwar hannunki in kin lanƙwasa shi. Tunda ke ce mai tsayuwa, da jikinki za a auna, ba da nasa ba.

Sai bangon falo. 'Yar'uwa, a nan ba ni da sassauci. Kuna cikin bene, akwai mutane a ƙasanku, wataƙila da samanku. Ba a gane bangon da ke ɗauke da nauyin gini ta hanyar ƙwanƙwasa shi da hannu ko kallon bidiyo, injiniyan gini ne ke faɗa bayan ya duba, kuma a gidajen bene galibi sai an sami izinin masu kula da ginin ko hukuma kafin a taɓa bango, ko da kun mallaki gidan. Ko da ba ya ɗauke da nauyi, akwai yiwuwar wayoyin wuta ko bututun ruwa na bi ta cikinsa. Sannan ku tambayi kanku abin da za ku samu. Za ku rasa bango guda da za a rataya kantoci, a ɗakin da bango shi ne dukiyarsa, kuma ƙauri da maiƙo za su sauka a kan kujeru da labulen falo. In haske da sakewa yake nema, kuma injiniya ya amince, ana iya buɗe 'yar taga ta miƙa abinci a maimakon rushe bangon duka. Ni dai da zan zaɓa muku, sai in ce ku bar shi a wannan karon.

Sinki a ƙarƙashin taga abin sha'awa ne, ban musa ba. Matsalar ba ta shigowar ruwa ba ce, ta fitarsa ce. Ruwan datti da gangara yake tafiya, bututunsa na buƙatar ya sauka kimanin santimita 2 a kowace mita, in bai samu ba sai maiƙo ya kwanta a ciki ya toshe. Kuma kowace sabuwar mahaɗa wuri ne da zai iya ɗiga a ɓoye bayan kabad, ba za ku sani ba sai maƙwabcin ƙasa ya hau ya ce silin ɗinsa ya jiƙe, gyaran kuma a wuyanku. In tagar ciki take buɗewa, kan famfon ma zai tare ta. Ku kira mai aikin famfo ya duba, ya faɗi ko matsarwar za ta yiwu da abin da za ta ci. Dole ma ku kira shi ko ba don haka ba, domin kabad ba ya kumbura haka kawai. Ruwa na ɗiga a wani wuri, kuma in ba a gano shi ba, sabon kabad ɗin ma haka zai yi cikin shekara ɗaya ko biyu.

Wuta da gas kuwa na masu lasisi ne. Kicin wuri ne da ruwa da lantarki ke maƙwabtaka, kayansa kuma, irin su tanda da butar lantarki, suna jan wuta da yawa, ba a ɗora su a kan kowace siririyar waya da aka tarar. Ma'aikacin wuta zai duba ko wayoyin za su ɗauka, ya nisanta soket daga sinki da murhu aƙalla santimita 30, ya kuma tabbata akwai na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara zurara ta jikin mutum. In da tukunyar gas kuke amfani, ki sani gas ɗinta ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa in ya zuba, don haka ba a kulle ta a cikin kabad marar mafitar iska, komai kyan da hakan zai yi wa ido. Ana gwada mahaɗar tiyo da ruwan sabulu, in ya yi kumfa to yana fita. Kada a rataya kabad kai tsaye a saman murhu, fanka mai zuƙe hayaƙi kuma a bi tazarar da kamfaninta ya rubuta, wadda galibi ke tsakanin santimita 65 da 75.

Kada maigida ya ji an ƙwace masa aiki, domin abin da ya rage masa shi ne mafi yawa, kuma shi ne wanda ido ke gani. Cire tsofaffin kabad, cike ramukan bango, fenti, haɗa sababbin kabad da daidaita su, rataya kantoci, liƙa tayil a bangon bayan kanta, sa fitila a ƙarƙashin kabad na sama irin wadda ake sokawa a soket. Duk nasa ne. Ga 'yan abubuwan da za su taimake shi. Kada ya huda bango a saitin soket ko makunni, sama ko ƙasa ko gefe, nan wayoyi suka saba bi. Kabad na sama in ya cika da kwanuka nauyi gare shi, sai da ƙusoshin da suka dace da irin bangon, kuma sai mutum biyu wajen ɗagawa. Duk inda aka yanka katako kusa da sinki a shafe bakin yankan da silikon, wato gam ɗin da ke hana ruwa shiga, domin katakon da aka matse daga ɓarɓashi yana shan ruwa ta nan ne. In ginin tsoho ne, kada ya goge tsohon fenti a bushe ƙura ta tashi, domin tsofaffin fenti na iya ƙunsar dalma, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Ni kuma zan ƙara da son raina: a ƙasa ku sa durowa maimakon kabad mai ƙofa. Ta fi tsada, amma tana fito miki da komai gabanki, ba sai kin durƙusa kina lalube ba. A sama kuma kabad ya kai har silin, kayan da ba a cika buƙata ba su hau can.

Mako guda ba zai isa ba, kuma ba don gazawarsa ba. Aikin yana da jerin da ba a tsallakewa: cirewa, gyaran ɗigar ruwa, aikin famfo da wuta, filasta, fenti, daɓe, kabad, kanta, tayil, sannan silikon. Tsakaninsu akwai jira. Sabuwar filasta tana ɗaukar kwanaki kafin ta karɓi fenti, gam ɗin tayil da silikon kowanne yana son yini guda cur. Mai koyo kuma komai yana ɗaukarsa ninki biyu na abin da ya zata, bidiyon da ya kalla an yanke wa wuraren da aka tsaya ana sosa kai. Hanya mai sauƙi ta gane saurinsa ba tare da gardama ba ita ce ya haɗa kabad guda ɗaya a falo kafin a taɓa komai, ku duba agogo, ku ninka da adadin da ake buƙata. In ya ga dama ya fara da ƙarasa kantar banɗakin, amma wannan ki bari ya fito daga bakinsa.

Abubuwa uku nake so ku yi yarjejeniya a kansu, a rubuce in zai yiwu. Ba a ɗaga guduma sai duk kayan sun iso gida an ƙirga su, an kuma sa rana da mai famfo da mai wuta, domin ba a fafe gora ranar tafiya. A ware kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗin, a ajiye a hannunki, ba a taɓa su sai abin da aka tarar bayan an cire kabad, kuma kusan kullum ana tarar da wani abu. Sannan a sa ranar da in ta zo ruwa bai dawo sinki ba, za a kira ma'aikaci ya ƙarasa, ba tare da kowa ya ce wa kowa ai na faɗa maka ba. Ki ba shi damar zaɓar ranar da kansa, zai fi riƙe ta.

Ku shirya wurin girki na wucin gadi tun kafin a fara: tebur, firji, butar lantarki da ƙaramin murhu a wuri mai iska, ba a ɗakin kwana ba, kuma ba a rufaffen ɗaki ba, domin wutar gas a inda iska ba ta shiga tana fitar da iskar guba marar wari. A rufe ƙofar kicin da leda saboda ƙura, kayan aiki kuma a kulle su kowane dare. In akwai inda yaran za su yini a ranakun cirewa da fenti, ya fi. Ku kuma leƙa maƙwabta ku gaya musu ranakun da za a yi bugu da hudawa. Wanda aka sanar da shi ya fi haƙuri da wanda ƙara ta tashe shi.

In kuka zauna kuka ga kuɗin ba za su kai ba, ko shi ya ƙi yarda a kira kowa, akwai matsakaiciyar hanya da zan so ki ajiye a aljihu. A gyara ɗigar ruwan, a canza kabad ɗin sinki kaɗai, a juya ƙofa, a matsar da firji, a yi wa sauran kabad fenti mai haske da sababbin mariƙai, a kafa sandar rataye ludayi da wuƙaƙe a bango inda yara ba za su kai ba, a sa katakon yanka da ke zama a kan sinki ya ƙara miki wurin aiki. Wannan duka bai wuce aikin hutun ƙarshen mako sau biyu ko uku ba, kusan duk da hannunsa zai yi, kuma zai magance abubuwa ukun da kika kawo kuka a kansu. In kuma ya dage sai ya fasa bangon ko ya taɓa wayoyi shi kaɗai, to ki faɗa masa cikin ladabi cewa kuɗinki ba za su shiga wannan ɓangaren ba sai injiniya da mai wuta sun duba, ki kuma nemi wani da yake jin maganarsa, wa ko aboki da ya san gini, ya zo ya ga wurin tare da shi. Sau da yawa abin da miji ya ƙi ji daga bakin matarsa yakan karɓe shi daga bakin wanda ya taɓa riƙe guduma. Allah ya daidaita tsakaninku, ya sa a yi aikin lafiya. In kun gama awon, ki aiko mini da zanen mu duba tare.